Kwasi Wiredu: Farfesan Falsafar da Ya Ce a Gwada Kowane Tunani da Harshen Gida

A ranar 6 ga Janairun 2022, wani dattijo ɗan ƙasar Gana ya rasu a Amurka yana da shekara 90 a duniya. Sunansa Kwasi Wiredu. A jami'o'in da ake koyar da falsafar Afirka, daga Legon zuwa Ibadan zuwa Nairobi, har ƙasashen Turai da Amurka, da wuya ɗalibi ya gama karatu bai ci karo da sunan nan ba. A ƙasar Hausa kuwa baƙo ne. Ko cikin 'yan boko kaɗan ne suka taɓa jin ɗuriyarsa. Wannan yana damuna, domin abin da mutumin ya ƙarar da rayuwarsa a kai tamkar da mu yake.

Shawararsa ba ta da wuyar faɗa. Idan aka kawo maka wani tunani cikin Turanci ko Faransanci, kada ka yi saurin karɓa, kada kuma ka yi saurin turewa. Ka fara juya shi zuwa harshen da ka sha a nono, ka yi tunaninsa a can. In ya tsaya da ƙafafunsa, madalla. In kuwa ya wargaje, sai ka zauna ka binciki dalili: harshenka ne ya gaza, ko kuwa dama can matsalar ta harshen da aka zo da ita ce, ba ta dukan 'yan Adam ba? A kan wannan tambaya ya gina aikin da ya ɗauke shi shekaru masu yawa, kuma ita ce ta sa ake lissafa shi a sahun gaba na masana falsafar Afirka na zamaninmu.

Daga Kumasi zuwa Oxford

An haife shi ranar 3 ga Oktoban 1931 a Kumasi, babban birnin Asante, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila ana kiranta Gold Coast. Bahaushe ya san Kumasi tun zamanin fataucin goro, kuma har yau Hausa ake yi a zangonta. Harshen gidan su Wiredu shi ne Twi, ɗaya daga cikin harsunan Akan, kuma wannan harshe ne daga baya ya zama ma'auninsa.

Tun yana saurayi ya faɗa karatun falsafa, ba don an sa shi ba. Daga 1948 zuwa 1952 ya yi sakandare a Kwalejin Adisadel da ke Cape Coast, inda ya haɗu da rubuce-rubucen Aflatun da na Bertrand Russell. Daga nan sai kwalejin jami'a da ke Legon, kusa da Akra, wadda a lokacin take ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan. Ya kammala digirinsa na farko a 1958, shekara ɗaya bayan Gana ta sami 'yancin kai. Abin da ya riƙa tunawa daga baya game da wannan karatu shi ne, a duk manhajar babu falsafar Afirka ko kaɗan. Ɗalibi zai san abin da mutanen Girka da Jamus da Ingila suka ce game da rai da sani da adalci, amma ba wanda zai tambaye shi me dattawan garinsu suke cewa.

Sai ya wuce Oxford, ya yi digiri na gaba ya gama a 1960. Sa'ar da ya yi ita ce malaman da ya samu. Gilbert Ryle ne ya duba kundinsa, wanda ya shafi sani da gaskiya da hankali, sannan ya yi karatu a hannun Peter Strawson da Stuart Hampshire. A wancan lokaci Oxford ta shahara da wani salo: kafin ka yi gardama a kan babbar magana, ka tsaya ka duba yadda ake amfani da kalmomin da ke cikinta. Ryle kansa ya yi suna ne da littafinsa na 1949, inda ya nuna cewa ɗaukar hankali kamar wani abu daban da ke zaune cikin jiki kuskure ne da ya taso daga yadda ake magana. Wiredu ya koyi wannan sana'a ta tsefe kalma, ya ƙware. Abin da ya ƙara shi ne abin da malamansa ba su yi ba: su Turanci kaɗai suke tsefewa, shi kuwa yana da harshe na biyu a kansa, mai nisa ƙwarai da Turanci.

Bayan shekara ɗaya yana koyarwa a kwalejin da ta zama Jami'ar Keele a Ingila, ya koma gida a 1961. Ya yi shekara 23 yana koyarwa a Jami'ar Gana, har ya shugabanci sashen falsafa, ya kai matsayin farfesa. Maƙalunsa na farko-farko, waɗanda ya sa wa hannu da sunan J. E. Wiredu kafin ya koma Kwasi, zallar manɗiƙi ne, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, da sharhi a kan masanin Jamus Immanuel Kant. Yana da kyau a riƙe wannan. Lokacin da ya juya kan falsafar Afirka, ya riga ya nuna ƙwarewarsa a fagen Turawa, ba wanda zai ce gazawa ce ta koro shi gida.

Gardamar da ta raba kan malamai

Tun daga 1945, lokacin da wani limamin mishan ɗan Beljiyam mai suna Placide Tempels ya fitar da littafi a kan tunanin mutanen Bantu na Kwango, aka shiga wani yayi. Marubuci zai tattara karin magana da tatsuniyoyi da al'adun wata ƙabila, ya ɗinke su, ya ce ga falsafar Afirka. Malamin Kenya John Mbiti ya faɗaɗa wannan hanya a littafinsa na 1969. Niyyar tana da kyau, domin amsa ce ga masu cewa baƙar fata ba shi da tunani. Amma wasu matasan malamai sun ga lauje cikin naɗi. Paulin Hountondji na Benin, da Henry Odera Oruka na Kenya, da Peter Bodunrin na Ibadan, da Wiredu, duk sun yi tambaya iri ɗaya ta fuskoki daban-daban: me ya sa in za a yi maganar falsafar Turai sai a ambaci mutum da sunansa da hujjarsa da wanda ya ƙaryata shi, amma in an zo Afirka sai a ce ƙabila kaza ta yi imani da kaza, kamar miliyoyin mutane kai ɗaya gare su?

A 1976 Wiredu ya buga wata maƙala da ta yi tashe, a kan yadda bai kamata a kwatanta tunanin Afirka da na Turawa ba. Hujjarsa a fili take. Masu bincike suna ɗauko camfin ƙauyen Afirka su ajiye shi kusa da kimiyyar jami'ar Turai, sannan su ce ga bambancin baƙi da fari. Ya ce wannan awo ne da mudu biyu. Turai ma tana da nata camfin, ta ƙone mata da sunan maita, har gobe kuma akwai masu duba taurari a cikinta. In za a yi adalci, a kwatanta tunanin gargajiya da tunanin gargajiya, a kwatanta masani da masani.

Littafinsa na farko, Philosophy and an African Culture, ya fito a 1980 daga maɗaba'ar Jami'ar Cambridge. Wanda ya buɗe shi yana jiran kirarin al'ada zai sha mamaki. Wiredu ya lissafa cututtukan da yake ganin suna addabar al'ummarsa: riƙe abin da zamaninsa ya wuce, da danniyar na sama wadda ke hana yaro tambaya, da jingina komai ga aljanu da kakanni har a bar neman dalilin da ido ke iya gani. Ya yi magana a kan dukiyar da ake ƙonawa wajen bukin jana'iza a ƙasar Akan alhali masu rai suna cikin buƙata. Mutum ne mai ƙaunar mutanensa, kuma ƙaunar ce ta hana shi yi musu daɗin baki.

Gwajin harshe

A shekarar da littafin ya fito, a wani taron hukumar UNESCO a Nairobi, ya gabatar da kiran da aka fi saninsa da shi: 'yantar da ma'anoni daga mulkin mallaka. Yana ganin tuta da taken ƙasa sun canja, amma kalmomin da ɗan boko yake tunani da su, irin su rai da hankali da gaskiya da addini da 'yanci, har yanzu a ma'aunin Bature yake auna su ba tare da ya sani ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na gaskiya. A falsafar Turai akwai tsohuwar gardama a kan mene ne gaskiya, kuma amsar da ta fi yaɗuwa ita ce: magana tana zama gaskiya idan ta dace da abin da yake a zahiri. An rubuta littattafai ba iyaka a kan wannan dacewa. Wiredu ya ce bari mu kai ta Akan. Akwai kalmar nokware, amma ita ta fi karkata ga halin mutum, wato faɗin abin da ke zuci, kishiyar ƙarya. In kuwa ana nufin magana ta yi daidai, sai ɗan Akan ya ce te saa, ma'ana haka yake. Abin da yake a zahiri ma da wannan lafazi ake faɗinsa. Ka ga ke nan babbar amsar nan ta koma cewa magana haka take idan haka take. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a faɗi sabon abu ba. Daga nan ya ware matsalolin falsafa gida biyu: akwai waɗanda ke bin ɗan Adam duk harshen da yake yi, akwai kuma waɗanda wani harshe ne ya haife su, in ka fita daga harshen sai su ɓace.

Mai karatu Bahaushe ya riga ya fara gwadawa, na sani. Tamu kalmar ma tana ɗauke da kaya biyu. In muka ce wane mai gaskiya ne, halinsa muke yabo, riƙon amana da tsayuwa kan magana ɗaya. In muka ce maganar nan gaskiya ce, labarin muke tabbatarwa. Mutum yana iya zama mai gaskiya ya kawo labarin da ba gaskiya ba, saboda shi ma haka aka faɗa masa. Muna kuma da haka ne, wadda ta yi kama da ta Akan sosai, ga haƙiƙa da zahiri da muka samo daga Larabci. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ce gaskiya ta fi kwabo. Wace gaskiyar ake nufi, ta hali ko ta labari? Tambaya ce da ɗalibi zai iya rubuta kundi a kanta, kuma ba sai ya je Oxford ba.

Misali na biyu ya fi zurfi. Masanin Faransa René Descartes, wanda ya rasu a 1650, ya sa wa komai shakka har ya iso ga abu ɗaya da ya kasa shakka: tunda yana tunani, lalle akwai shi. Daga nan ya yanke cewa asalinsa wani abu ne mai tunani wanda ba ya buƙatar jiki ko wuri. Wiredu ya ce a harshen Akan ba a faɗin samuwar abu sai an haɗa da wuri. Lafazin shi ne wɔ hɔ, wato yana can. Don haka in ka ce wa ɗan Akan kana can, zai tambaye ka ina. Samuwar da ba ta da wuri ba ta ma faɗuwa a harshen, balle a yi gardama a kanta.

To, a Hausa fa? Rabin hanya muna tare da su. In aka tambayi lafiyar tsoho sai a ce yana nan, ana nufin yana raye, kuma nan ɗin wuri ne. Amma muna da akwai da babu, waɗanda ba su neman wuri. Muna cewa akwai matsala, akwai hikima a maganarsa, ba wanda zai tambaye ka a wane ɗaki. Bayan haka, ɗaruruwan shekaru ke nan malaman zaure suna karantar da tauhidi suna fassarawa da Hausa, suna farawa da sifar samuwa, suna koyar da cewa Ubangiji ba ya buƙatar wuri. Harshenmu ya daɗe da sabawa da wannan magana. Saboda haka sakamakon da Wiredu ya samu a Akan ba shi za mu samu a Hausa ba, kuma wannan bai rage darajar hanyarsa da komai ba. Shi kansa ya sha nanata cewa Akan yake magana a kai domin ita ya sani, kowa ya je ya duba nasa harshen. Aron sakamakonsa a ɗora wa Hausa zai zama irin kuskuren da ya yi yaƙi da shi.

Haka ya bi kalmar hankali. Ya ce adwene a Akan iya tunani ne, ba wani abu ba ne da ke zaune a cikin mutum. Okra kuwa, wadda 'yan mishan suka fassara da ruhi, ya ce fassarar ba ta zauna daidai ba, domin a al'adar Akan ana cewa masu magani suna iya ganinta, abin da ake gani kuwa bai rabu da jiki gaba ɗaya ba. Duk wanda ya tashi yana jin ana cewa maye ya kama kurwar yaro zai gane inda aka dosa. Kurwa daban, rai daban, ruhi daban, zuciya daban, amma in ɗan boko zai fassara su sai ya zuba su duka a kwano ɗaya.

A nan bai sha da daɗi ba. Abokin aikinsa a Legon, Farfesa Kwame Gyekye, shi ma ɗan Akan ne, ya fitar da nasa littafin a 1987 yana cewa okra ruhi ce tsantsa wadda ba ta da jiki. Mutum biyu, harshe ɗaya, jami'a ɗaya, fahimta biyu. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin rauni. Ni a ganina shi ne babbar nasarar, domin abin da ake nema ke nan tun farko: 'yan Afirka su yi gardama da sunayensu da hujjojinsu a kan ma'anonin harshensu. Saɓanin bai hana su haɗa hannu su shirya littafi tare a 1992 ba, a kan mutum da al'umma a tunanin mutanen Gana.

Batun mutum ɗin ma ya cancanci a ɗan tsaya. Wiredu ya nuna cewa a Akan kalmar onipa tana da hawa biyu. Kowa mutum ne ta haihuwa, yana da haƙƙin da ba a taɓawa. Amma akwai zama mutum na biyu, wanda sai an yi aiki ake kaiwa gare shi, ta hanyar ɗaukar nauyin iyali da taimakon jama'a. Wanda ya kasa sai a ce ba mutum ba ne. Mu ma haka muke faɗa, kalma da kalma. Muna cewa wane ba mutum ba ne, ko wane ya cika mutum, kuma daga wannan tushe muka samo mutunci da mutuntaka. Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Sama da shekara hamsin ke nan, kuma ya kamata a ce zuwa yanzu muna da tarin amsoshi gare shi daga alƙalumanmu.

Inda na saɓa da shi

Akwai ra'ayinsa guda da ya jawo masa suka fiye da kowane. Ya ce gaskiya ba ta wuce ra'ayin da aka yi wa kyakkyawan nazari ba. Yana nufin duk lokacin da mutum ya ce abu kaza gaskiya ne, daga mazauninsa yake magana, ba shi da hanyar fita daga kansa ya leƙo gaskiya tsirara. Tasirin masanin Amurka John Dewey yana bayyane a nan. Dalilinsa na ɗabi'a kuma mai ƙarfi ne: ya ga yadda masu iƙirarin mallakar gaskiya suke danne jama'a, yana so kowa ya riƙa tuna cewa zai iya kuskure. Odera Oruka ya mayar masa da martani cewa in haka ne, da me za a ce wa azzalumi ya yi ƙarya, tunda shi ma ra'ayinsa ne? Wiredu ya amsa cewa ba kowane ra'ayi yake nufi ba, sai wanda ya bi ta hanyar bincike da hujja.

Amsar ba ta gamsar da ni ba. Yarda da cewa zan iya kuskure ita kanta tana nuna akwai abin da nake iya kauce wa, wanda bai dogara da ra'ayina ba. Haka nan ban bi shi ba a matsayinsa game da addini. Wiredu ba mai riƙo da addini ba ne, kuma ya tsaya kan cewa kyawun hali a wurin Akan bai dogara da umarnin Ubangiji ba, ya dogara ne da abin da ke kyautata zaman mutane. Musulmi ko Kirista mai karanta shi zai yi ta tsayawa yana ja da shi. Amma ja da shi ba ya cutarwa, domin mutum ne da ke shimfiɗa hujjarsa a fili, ba zagi, ba ɓoye-ɓoye, ya bar maka ƙofar da za ka shigo ka rushe ta in kana iyawa. Malamanmu na da ba su ji tsoron irin wannan ba. Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da yaranmu ke karantawa a fiƙihu, shi ne kuma ya rubuta Sullam a manɗiƙi. A daular Sakkwato an yi Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya yi rubutu a kan falsafa.

Kuma kada a ɗauka Wiredu yana cewa kowace al'umma da tata gaskiyar. Littafinsa na biyu, Cultural Universals and Particulars, wanda ya fito a 1996, kare kishiyar haka yake yi. Ya ce da babu abin da ya haɗa 'yan Adam duka, da fassara ma ba ta yiwu ba. Dukanmu muna gane cewa magana ba ta zama e da a'a a lokaci guda, dukanmu muna koyo daga abin da ya faru jiya. A fagen ɗabi'a kuma ya ce akwai ƙa'ida ɗaya da babu al'ummar da za ta rayu ba tare da ita ba, wato ka sa kanka a matsayin ɗan'uwanka kafin ka yi masa abu. Sauran abubuwa, irin su tsarin aure da gaisuwa da jana'iza, al'ada ce, tana canjawa daga gari zuwa gari. Laifin 'yan mulkin mallaka, in ji shi, shi ne sun ɗauki al'adarsu suka sa mata rigar ƙa'idar duniya.

Siyasar sasanci

Wiredu ya koyar a Legon cikin shekarun da Gana ta sha wuya. Ya ga Kwame Nkrumah ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya a 1964, ya ga an hamɓarar da shi a 1966, ya ga sojoji sun sake karɓar mulki a 1972 da 1979 da 1981. Da guguwar jam'iyyu da yawa ta kaɗo Afirka bayan 1990, mutane suna murna, shi sai ya yi wata tambaya. A tsarin da mai rinjaye ke kwashe komai, ina makomar ƙabilar da ƙidaya ta nuna ba za ta taɓa yin rinjaye ba? Tana da wakili a majalisa, amma ba ta da hannu a hukunci. Yana ganin wannan na cikin abin da ke hura wutar rikici a nahiyar.

Sai ya waiwayi tsarin Asante na da. Kowane dangi yana da dattijonsa a majalisar gari, ana tattaunawa har sai an kai ga matsayar da kowa zai iya zama da ita. Sarki ba ya yanke hukunci shi kaɗai, kuma in ya kauce ana iya tuɓe shi. Akan suna da wani zane na kada mai kai biyu da ciki ɗaya, kawunan suna faɗa a kan abinci alhali cikin da za a zuba shi guda ne. Wiredu ya yi amfani da wannan zane ya bayyana cewa sasanci ba ya nufin kowa ya canja ra'ayinsa. Ana iya saɓawa a fahimta a kuma yarda da abin da za a aikata. A kan haka ya yi kira da a gwada dimokuraɗiyyar da ba ta ginu kan jam'iyyu masu neman ƙwace mulki ba.

An soke shi, kuma sukar tana da nauyi. Emmanuel Eze, masanin falsafa ɗan Najeriya, ya tambaya ko hujja ce kaɗai take sa mutane su sasanta a fadar Asante, ko kuwa har da tsoron sarauta da abubuwan tsafi. Ya kuma yi shakkar cewa cikin kowa ɗaya ne, a ƙasar da wani ke da rijiyar mai wani ba shi da ta ruwa. Tarihi ma ya ba da dalilin taka-tsantsan. A Gana kanta, Janar Acheampong ya kawo shirin gwamnatin haɗaka marar jam'iyya, aka yi ƙuri'ar raba-gardama a kai a 1978, kuma da yawa sun ɗauke shi dabarar zarcewa. A Uganda ma an yi shekaru ana mulki da sunan babu jam'iyya. Wiredu ya bambanta nasa kiran da irin waɗannan, ya yi tir da mulkin jam'iyya ɗaya ba tare da kwana-kwana ba. Duk da haka ban ga ya warware yadda abin da ya yi aiki a majalisar gari zai yi aiki a ƙasa mai mutum miliyan ɗari biyu ba. Tambayar da ya yi dai tana nan daram, kuma duk wanda ya ga yadda gari ke zama bayan an sanar da sakamakon zaɓe ya san ba tambayar banza ba ce.

Shekarun ƙarshe

Bayan ya bar Legon ya koyar na ɗan lokaci a wurare da dama, har da Jami'ar Ibadan a 1984. A 1987 ya zauna a Jami'ar South Florida da ke birnin Tampa a Amurka, inda ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya. Alaƙarsa da Najeriya ba ta yanke ba. A Ibadan aka buga tarin maƙalunsa huɗu a 1995, wanda Olusegun Oladipo ya shirya. A 2004 ya fitar da babban kundin da ya tattaro masana da yawa, A Companion to African Philosophy. A ciki an ba da wuri ga Masar ta da, da masana Habasha irin su Zera Yacob, da Anton Wilhelm Amo, ɗan ƙasar Gana da ya koyar da falsafa a jami'o'in Jamus a ƙarni na 18, da kuma babin da Souleymane Bachir Diagne na Senegal ya rubuta a kan falsafar da aka yi da Larabci a Afirka kafin zuwan Turawa. Wannan babi ƙofa ce da aka buɗe wa irin gadon da ke jibge a Timbuktu da Sakkwato da Katsina da Barno.

Akwai abin da ake yawan riƙe shi da shi, kuma gaskiya ne. Mutumin da ya ce a yi tunani da harshen gida, littattafansa da Turanci ya rubuta su, shekarunsa na ƙarshe kuma a Amurka ya yi su. Marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o ya ɗauki matakin da ya fi wannan, ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da harshen Gikuyu. Wiredu ya san da giɓin, yana kuma fatan ranar da za a yi falsafa kai tsaye da harsunan Afirka. Shi dai ya yi abin da zamaninsa ya ba shi dama.

Mu kuwa uzurinmu kaɗan ne. Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi da yawa, tana da rubutun ajami da na boko, tana da jaridu da gidajen rediyo, ana yin digiri har na uku a kanta. Amma ɗalibin da zai karanta falsafa da Turanci ko Faransanci yake yinta, ɗalibin Hausa kuma galibi a nahawu da adabi yake tsayawa, na zaure yana can da Larabcinsa, ukun ba su cika zama a tabarma ɗaya ba.

Kirana ga malaman Hausa da na falsafa da na addini a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da Abdou Moumouni ta Yamai, shi ne a fara da abin da ke iya yiwuwa a bana. A nemi izini a fassara maƙala ɗaya ta Wiredu zuwa Hausa, a sa ta a hannun ɗalibai. Sannan a ba wani ɗalibi kalmar gaskiya, wani hankali, wani kurwa, wani mutunci, a ce ya je wurin tsofaffi da malaman zaure da mawaƙa ya ji yadda suke amfani da ita, ya dawo ya rubuta nasa hukuncin da Hausa, ya sa sunansa a ƙasa.